Wa Zai Yi Facin? Kula da Rubutun Tushen Linux da Makomar Tsofaffin Na'urori a Gaya, Jihar Dosso

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi aikin kula da rubutun tushen Linux da gyaransa, ta kuma auna shi da halin da na'urori ke ciki a Gaya, garin iyaka a jihar Dosso. Ta nuna cewa babban amfanin buɗaɗɗiyar manhaja ga wuri irin wannan yana cikin damar gyara, kuma damar ba ta aiki sai an sami mutanen wurin da ke gwaji, suna kai rahoto, suna bin sawunsa har a karɓi gyaran a mafari. Ta ba da shawarar a zuba kuɗi da horo a kan masu kula, maimakon a ƙirƙiro wata sabuwar manhaja mai sunan ƙasa.

Gabatarwa



Idan aka tashi maganar Linux a tarukanmu, yawanci a kan farashi ake tsayawa: kyauta ce, ba lasisi, ba wanda zai bi ka bashi. Wannan gaskiya ne, amma ba ta da nauyi sosai a kasuwar da kowa ya san inda zai sami Windows ba tare da ya biya ko dala ba. Abin da nake so mu duba ya fi wannan wuya. Babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta ko waya gaba ɗayanta, ba a gama ta. Kullum ana gano kuskure a cikinta, kullum ana fito da sababbin na'urori da za ta iya magana da su, kullum kuma ana zubar da tsofaffin sassan da aka ga ba mai amfani da su. Tambayata ita ce: a cikin wannan aiki na yau da gobe, wa ke tsaya wa na'urorin da ke hannun mutanen Gaya?

Zan yi amfani da kalmomi huɗu. Rubutun tushe shi ne umarnin da ɗan Adam ya rubuta kuma yake iya karantawa, kafin a juya shi zuwa abin da inji ke ganewa. Ƙwaya ita ce ɓangaren babbar manhaja da ke riƙe da ƙwaƙwalwa, faifai, batir da sauran ƙarafa, kuma ita ce ainihin abin da ake kira Linux. Faci shi ne ɗan gyaran da ake yi wa rubutun tushe. Mafari kuwa shi ne wurin da masu kula na asali ke ajiye rubutun, wanda kowa ke ɗiba daga gare shi.

Gaya da na'urorinta

Gaya tana bakin kogin Isa, kimanin kilomita 300 daga Yamai. Gada ce tsakaninta da Malanville ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuwa tana nan kusa ta gabas. Masanin ƙasa Olivier Walther, wanda ya yi nazarin 'yan kasuwar garuruwan nan uku, ya ɗauke su a matsayin fagen ciniki guda, kuma duk wanda ya zauna a yankin zai yarda da shi. Shekara da shekaru kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta nan suka riƙa shigowa: shinkafa, gwanjo, motoci, da na'urori na hannu. Laftof ɗin da wani ofishi a Turai ya gama da ita bayan shekara huɗu ko biyar, a nan take fara sabuwar rayuwa, a hannun ɗalibi, ko mai buga takardu, ko wakilin fiton kaya da ke shigar da bayanai cikin SYDONIA, tsarin duwan da hukumar CNUCED ta ƙera.

Abubuwa uku da na'ura ke rayuwa a kansu duk ta iyaka suke zuwa wa Gaya. Wutar lantarki daga Najeriya take, ta layin Kamba. Igiyar intanet da ta haɗa Nijar da kebul ɗin SAT-3 na ƙarƙashin teku ta Dosso da Gaya ta bi ta shiga Benin. Na'urorin kansu ta gada suka saba hayowa. Mun kuma ga yadda ukun ke iya tsayawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gada, Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar ba ta buɗe daga ɓangaren Nijar ba, mutane da kaya suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma igiyoyin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama. Garin da ya ga wannan bai kamata a yi masa dogon bayani ba a kan muhimmancin iya gyara abin da ke hannu.

Kuma ana gyarawa. A duba teburin mai gyaran waya a kasuwa, ƙarƙashin rumfar kwano: bindigar iska mai zafi, ƙarfen narka dalma, mita, madubin ƙara girma, kwalin matattun wayoyi da ake ciro kayan gyara daga cikinsu, da tsohuwar laftof wadda da ita ake yi wa waya fulashin. Yaron da ke zaune a wurin yana iya bin layin wuta a kan allon waya har ya gano ɗan ƙaramin abin da ya ƙone, ya ɗaga shi da hantsaki, ya dasa wani. Amma in matsalar ta manhaja ce, dabararsa ɗaya ce: ya goge, ya zuba wani fayil da ya karɓo daga abokin sana'a ta WhatsApp ko a katin memori. Bai san wanda ya haɗa fayil ɗin ba, ba ya iya buɗe shi ya karanta. Wayar Tecno ko Itel ko Infinix da ke hannunsa Android ce, Android kuwa a kan ƙwayar Linux aka gina ta. Ma'ana, mutumin nan kullum yana aiki da Linux, amma gyaransa a bakin ƙofarta yake tsayawa.

Yadda faci ke tafiya

Linus Torvalds ya sanar da aikinsa a watan Agustan 1991 yana ɗalibi a Helsinki, a 1992 kuma ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL na gidauniyar da Richard Stallman ya kafa. Sharaɗin lasisin shi ne duk wanda ya ba ka manhajar, to ya ba ka damar samun rubutun tushenta, kai ma kana da izinin gyarawa da rabawa bisa wannan sharaɗi. A farkon 2025 rubutun ƙwayar ya haura layi miliyan 40, mafi yawansa direbobi ne, wato sassan da ke magana da kowace irin na'ura. Ana fitar da sabuwar siga duk bayan mako tara ko goma: mako biyu na karɓar sababbin abubuwa, sauran makonnin na gwaji da gyara. Kowace siga tana ɗauke da canje-canje fiye da dubu goma daga hannun mutum kusan dubu biyu, akasarinsu ma'aikatan kamfanoni ne da ake biya don wannan aiki.

Ba mutum ɗaya ke duba duk wannan ba. A cikin rubutun akwai fayil mai suna MAINTAINERS, wanda ya jera kowane sashe da sunan mai kula da shi da matsayinsa: ana kula da shi, ko ana ɗan taɓawa, ko maraya ne. Wanda ya yi gyara, ga mai kula da sashen zai aika.

Facin kansa rubutu ne zalla, sau da yawa bai kai shafi guda ba. A sama akwai bayani: ga abin da ya lalace, ga na'urar da aka gan shi a kanta, ga dalili. A ƙasa sai layukan da za a taɓa, wanda za a cire da alamar debewa a gabansa, wanda za a sa da alamar tarawa. Tsakanin bayani da layukan mai facin yana rubuta Signed-off-by da sunansa, shaidar cewa yana da haƙƙin bayar da abin da ya bayar, al'adar da aka fara a 2004. Wanda ya kai rahoton matsalar da wanda ya gwada gyaran su ma ana rubuta sunayensu, kowa da layinsa. Mai kula ya karanta, ya yi tambaya, ya mayar a sake, wani lokaci sau da yawa, kafin ya miƙa gaba. In gyaran na kuskure ne mai cutarwa, sai ayarin Greg Kroah-Hartman su ɗauke shi su sa a tsofaffin sigogin da har yanzu ake tallafa wa. Daga can masu rarraba Linux irin Debian, Ubuntu, Fedora da sauransu ke ɗauka su tura wa masu amfani.

Abu biyu a wannan tsari sun dace da halinmu. Na farko, ta wasiƙar imel mara ado ake aika faci, nauyinsa bai kai na hoto guda ba, ko da intanet mai rarrafe zai wuce. Na biyu, Git, manhajar da Torvalds ya rubuta a 2005 don ajiye tarihin canje-canje, tana ba kowa cikakken tarihin a kan faifansa. Wanda ya sauke shi sau ɗaya zai iya bincike, ya gwada, ya rubuta gyara ba tare da layi ba. Ranar da igiyar teku ta tsinke, aikinsa bai tsaya ba.

Akwai wata doka da Torvalds ya daɗe yana tsanantawa a kanta: abin da yake aiki jiya, bai halatta sabuwar siga ta karya shi yau ba. In aka karya, ko a gyara ko a janye canjin. Amma dokar tana da sharaɗin da ba a rubuta ba, sai wani ya zo ya ce an karya. A ɗauka wata malama a Gaya ta sabunta laftof ɗinta mai shekara goma sha biyu, sai wayfay ya daina kamawa. Mai kula da direban yana wata nahiya, kuma wataƙila ya rabu da irin wannan katin tun tuni. Hanyar gano canjin da ya jawo matsalar ita ce umarnin git bisect: a raba canje-canjen da ke tsakanin siga mai aiki da mara aiki gida biyu, a gina ƙwaya daga tsakiya, a kunna, a ga ko wayfay ya kama, a jefar da rabin da ba laifinsa, a sake raba sauran. Canji dubu goma sha biyar, gwaji goma sha huɗu ya isa a kai ga guda ɗaya. Aikin ba ya bukatar digiri. Yana bukatar haƙuri, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar gini ba, da na'urar da ta lalace a gaban mai gwajin. Wannan na ƙarshe shi ne abin da injiniyan Intel ko na Red Hat ba shi da shi, mu kuma muke da shi jibge.

Inda gyara ke maƙalewa

A kwamfuta hanyar daga mafari zuwa mai amfani gajeriya ce. A waya ba haka ba ne. Google na ɗaukar ƙwaya ya ƙara nasa, mai ƙera furosesa kamar MediaTek ko Unisoc ya ƙara direbobinsa, mai haɗa wayar ya ƙara nasa, sannan a kulle. Kafin wayar ta iso kasuwa, ƙwayar da ke cikinta ta riga ta yi nisa da ta mafari, kuma gyara ba zai iso ta ba sai kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ga dama ya miƙa. Waya mai araha ba ta daɗewa ana tura mata sabuntawa.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne kuskuren da aka yi wa laƙabi da Dirty COW. Ya shiga ƙwaya a 2007, ba a toshe shi ba sai Oktoban 2016, kuma yana ba ƙaramar manhaja damar ƙwace ikon na'ura gaba ɗaya. Masu Debian da Ubuntu sun sami gyaran cikin kwanaki. Wayoyin Android masu ɗimbin yawa ba su taɓa samunsa ba, a 2017 kuma aka gano muguwar manhaja da ke shiga wayoyi ta wannan ƙofa. A garin da ɗan kasuwa ke ajiye kuɗinsa a asusun waya, yana tura sefa yana karɓar naira, wannan magana ce ta dukiya.

Google ya yi ƙoƙarin rage matsalar, da shirin Treble a 2017, sannan da ƙwaya ta bai-ɗaya da aka wajabta wa sababbin wayoyi daga Android 12. Akwai kuma ayyukan sa-kai irin LineageOS da postmarketOS masu tsawaita ran tsofaffin wayoyi. Sai dai kowace waya da suke tallafa wa, wani ne da ke riƙe da ita ya ɗauki nauyinta, shi ya sa jerin nasu ya fi cika da wayoyin da ake sayarwa inda masu aikin suke zaune. Lasisin GPL ya ba mai Itel a Gaya haƙƙin neman rubutun ƙwayar wayarsa daga kamfani, daidai da haƙƙin mai Samsung a Jamus. Haƙƙin da ba a nema ba kuwa, ba wanda zai kawo maka shi gida.

Abin da shiru ke jawowa

Masu kula ba sa zubar da tsohon sashe don ƙeta. Kowane layi da aka bari kaya ne a kan wani: in an canza wani abu a tsakiya, dole a bi duk direbobin da suka dogara da shi a daidaita, har da waɗanda ba mai iya gwadawa. Saboda haka al'adarsu ita ce su yi shela: za mu cire kaza, akwai mai amfani da shi? In an ji shiru, sai a cire. An cire tallafin furosesa 386 a siga ta 3.8 a 2013, an cire na Itanium a siga ta 6.7 a farkon 2024. Waɗannan ba su taɓa mu ba. Amma Debian 13, da ta fito a Agustan 2025, ta daina ba da ƙwaya da manhajar girkawa ga kwamfutoci masu bit 32, Ubuntu kuwa ta riga ta yin haka da shekaru. Irin waɗannan injuna har yanzu suna kunne a wasu makarantu da shagunan buga takardu na yankinmu.

Tsawon tallafi ma ya ragu. A 2017 an tsawaita wa'adin wasu sigogin dogon zango zuwa shekara shida. A 2023 aka sanar da komawa shekara biyu, dalilin da aka bayar kuwa shi ne masu kula sun gaji, kuma ba a ga masu amfani da tsofaffin sigogin ba. Inda aka sami masu biya, wa'adin na tsawo: shirin Civil Infrastructure Platform, wanda kamfanoni irin Siemens, Hitachi da Toshiba ke ɗaukar nauyinsa, yana riƙe wasu sigogi shekara goma saboda jiragen ƙasa da injunan masana'antu. Tallafin dogon zango na Debian ma kamfanoni ne ke tara kuɗi ta hannun Freexian ana biyan masu aikin. Motar Kwatano tana kan hanya muddin ana samun kayan gyaranta da bakaniken da ya san ta, haka tsohuwar kwamfuta take da ƙwayarta.

Gajiyar masu kula ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina so wanda zai tura ɗalibai wannan fage ya san da ita. Manhajar matse fayil ta xz tana cikin kusan kowane Linux, amma mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita ba albashi. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka masa har ya sami amana, sannan ya dasa ƙofar ɓoye a sigogin da suka fito a farkon 2024. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga wata na'ura daga nesa na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, ya fallasa abin ranar 29 ga Maris. Buɗewar rubutun ce ta sa aka iya ganowa, ƙarancin masu duba shi ne ya sa aka kusa makara.

Jarabar manhajar ƙasa

Tun da Nijar ta shiga zancen dogaro da kai, na san shawarar da za ta zo wa mutane da yawa: mu yi namu Linux, mu sa masa suna da tuta. Ina ganin wannan kuskure ne, ko da niyyar mai kyau ce. Cire reshe daga mafari aikin mako guda ne. Riƙe shi ne aikin da ba ya ƙarewa, domin duk gyaran tsaro da ya fito sai ka ɗauko ka daidaita shi da naka canje-canjen, kuma kowace shekara tazarar na ƙaruwa. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin Leapsoft a Najeriya ya fitar da Wazobia Linux da Hausa, Yarbanci da Ibo. Tunani ne mai kyau, amma yau ba a jin ɗuriyarta. Google kansa, da duk dukiyarsa, ya ga nauyin riƙe facinsa a gefe ya yi masa yawa, ya koma manufar tura gyara mafari tukuna. Jandarmomin Faransa, da suka fara komawa Linux a 2008 kuma suka ɗore, a kan Ubuntu suka tsaya, suna bin sigoginta na dogon zango, abin da suka ƙara na kansu kaɗan ne.

Ba ina cewa mafari wuri ne da siyasa ba ta shiga ba. A Oktoban 2024 an cire sunayen wasu masu kula da ke da alaƙa da kamfanonin Rasha daga fayil ɗin MAINTAINERS saboda dokokin takunkumi. Ƙasar da ta ɗanɗana takunkumi a 2023 dole ta lura da wannan. Amma a lura da iyakar abin: an cire su daga muƙami, ba a iya ƙwace rubutun da ke kan faifansu ba, lasisin kuma bai canza ba. Abin da ya kamata mu ɗauka daga nan shi ne mu ajiye cikakken kwafi a gida, mu kuma sami mutanen da za su iya karanta shi. Uwar garke guda, wato kwamfutar ajiya da sauran ke ɗiba daga gare ta, a Dosso mai faifan terabait biyu za ta ɗauki tarihin ƙwaya da ƙunsoshin Debian na injunan da muke da su, makarantu da ofisoshin jihar su riƙa sabuntawa daga gare ta ko igiyar waje na aiki ko ba ta yi.

Hausar Nijar a cikin rubutun tushe

Ga wani fage da ba wanda zai yi mana aikinsa. Kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. To, me babbar manhaja ta sani game da Hausar Nijar? A tsarin glibc, wanda mafi yawan Linux ke dogara da shi wajen rubuta kwanan wata, kuɗi da jerin haruffa, fayil ɗin Hausa shi ne ha_NG, na Najeriya. Ɗan Gaya da ya zaɓi Hausa zai ga alamar naira inda yake jiran sefa. Ƙa'idar rubutu ta Nijar, wadda aka tsayar a 1999, tana amfani da harafin ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma wannan na shafar jeri da bincike: wanda ya nemi ƴaƴa ba zai sami 'ya'ya ba sai an koya wa injin cewa abu ɗaya ne. Ma'ajiyar CLDR ta Unicode ta riga ta ware Hausar Nijar da Zabarmanci, don haka akwai tubalin da za a ɗora a kai.

Haka allon rubutu. A xkeyboard-config akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Ghana, dukansu a kan jerin QWERTY. Wanda ya koyi bugu a lakwal a Nijar da AZERTY ya saba. Togo da Kamaru suna da tsare-tsaren AZERTY masu haruffan harsunansu a cikin wannan ma'ajiya, domin wasu sun zauna sun rubuta, sun aika, sun jure tambayoyin masu kula. Fayil ne gajere. Ɗalibi ɗaya da malami ɗaya za su iya gama shi a zangon karatu guda, kuma da zarar an karɓa, zai shiga Debian, Ubuntu, Fedora da duk sauran ba tare da mun sake roƙon kowa ba. Ga wanda ke son ganin yadda ƙaramin fayil ke shafar gari: a ma'ajiyar lokutan duniya da Paul Eggert ke kula da ita, Africa/Niamey da Africa/Porto-Novo duka suna nuni ne ga Africa/Lagos, tun da agogon ƙasashen uku ɗaya ne. Gaya, Malanville da Kamba layi ɗaya suke karantawa, kuma daidai ne, domin akwai mai kula da ya bincika ya tabbatar.

Wa zai yi, wa zai biya

Jami'ar Dosso, da aka kafa a 2014 kuma ta karkata ga fasahar zamani, ita ce gidan da ya dace da wannan aiki, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, ANSI, kuwa ita ce ta dace ta nemo masa kuɗi. Abin da nake nema ƙarami ne idan aka gwada shi da kuɗin sayen sababbin kwamfutoci: ɗaki guda mai wutar sola da batir, inji ɗaya mai ƙarfi na gina ƙwaya, da mutum biyu ko uku masu albashi waɗanda aikinsu kula ne. Na nace a kan albashi. Sa-kai na yiwuwa ga wanda cikinsa ya cika, kuma labarin xz ya nuna inda dogaro da shi kaɗai ke kaiwa.

Turanci shi ne harshen aiki a mafari. An fassara wasu takardun jagora na ƙwaya zuwa Sinanci, Japananci, Koriyanci, Italiyanci da Sifaniyanci, amma rahoto da faci da Turanci ake karɓarsu. Ɗalibin Dosso da Faransanci ya yi karatu, takwaransa na Kebbi da Turanci, Hausa kuma ta haɗa su. Wannan haɗin da 'yan kasuwar Gaya da Kamba suka daɗe suna cin moriyarsa, makarantun ɓangarorin biyu ma za su iya. Masu gyaran waya na kasuwa kuma a jawo su ciki tun farko, a biya su ladan lokacinsu. Su suka san irin injin da ya fi yawa a gari da ciwon da ya fi kama shi, kuma wanda ya saba bin layin wuta da mita ba zai sha wuyar gane git bisect ba.

Aikin farko ƙidaya ce: a bi makarantu, asibitoci, ofisoshi da shagunan Gaya a rubuta irin kwamfutocin da ke aiki, furosesarsu, katin wayfay ɗinsu da firintocin da ke haɗe da su. Daga jerin a zaɓi goma da suka fi yawa, a ajiye ɗaya-ɗaya a ɗakin, duk lokacin da sigar gwaji ta fito a kunna su da ita, abin da ya karye a kai rahoto a makon. Lokaci na da muhimmanci a nan. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin tsofaffin injuna saboda sharuɗɗan da ta sa a kan furosesa da guntun tsaro na TPM 2.0, don haka ofisoshin Turai na zubar da kwamfutoci masu lafiya, kuma kasuwanninmu na cikin inda suke ƙarewa. Su kuma masu bit 32 da ke hannunmu tun da, tallafin dogon zango na Debian 12 zai ƙare a tsakiyar 2028. Kafin wannan lokaci ya kamata jihar Dosso ta san guda nawa take da su, waɗanne za a maye gurbinsu, waɗanne kuma za ta sa mutum ya ci gaba da gina musu ƙwaya.